Muhawara: Shin Dokokin Kurket na Oba 50 da Oba 20 Sun Danne Masu Jifa?

Malam Sada:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina so mu tattauna wani batu da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya game da kurket mai ƙayyadadden oba (oba ɗaya jifa shida ne a jere daga mai jifa ɗaya), musamman ganin cewa a watan Yulin 2025 Hukumar Kurket ta Duniya, ICC, ta sassauta dokar amfani da sababbin ƙwallo biyu a wasan oba 50 da ta shafe kusan shekara 14 tana aiki. Ra'ayina shi ne, tun daga farkon shekarun 1990 zuwa yau, kusan duk babbar dokar da aka kawo ta ɗauke wani abu ne daga hannun mai jifa ta miƙa wa mai bugu, kuma an yi haka ne da gangan domin masu kallo a talabijin sun fi son ganin ƙwallo tana tsallake iyaka.

Mu duba yadda abin ya tafi. Tun asali ba a yarda mai jifa ya wuce oba 10 a wasan oba 50 ba, ko oba 4 a wasan oba 20, alhali mai bugu yana iya tsayawa daga jifan farko har na ƙarshe. A gasar cin kofin duniya ta 1992 aka tabbatar da dokar cewa masu tsaron fili biyu kawai za su tsaya bayan da'irar yadi 30 a oba 15 na farko. A 2005 aka kawo tsarin fawafile, wato obobin da ake rage masu tsaron bayan da'ira a cikinsu, a 2007 aka kawo bugun kyauta, wato jifan da da wuya a fitar da mai bugu a cikinsa, bayan mai jifa ya taka layi, a 2008 aka ba ƙungiyar da ke bugu damar zaɓar nata fawafile. A Oktoban 2011 aka ce a riƙa amfani da sabuwar ƙwallo daga kowane ɗaya daga cikin ɓangarori biyu da ake jifa, sannan a Oktoban 2012 aka rage masu tsaron bayan da'ira daga biyar zuwa huɗu. A 2020, saboda annobar korona, aka hana shafa wa ƙwallo yawu, kuma a 2022 aka mayar da hanin na dindindin.

Sakamakon bai ɓuya ba. Daga 1971 da aka fara wasan kwana ɗaya, wanda yanzu ake yi a oba 50, a Melbon har zuwa farkon 2010, babu namijin da ya taɓa cin maki 200 shi kaɗai. Sachin Tendulkar ne ya fara yi a Gwaliyo a Fabrairun 2010, kuma duk sauran da suka biyo baya, tun daga 219 na Virender Sehwag a Disambar 2011 har 264 na Rohit Sharma a Kolkata a 2014, sun zo ne bayan dokar ƙwallo biyu. Ingila ta ci 481 a kan Ostireliya a 2018, ta kuma ci 498 a kan Holan a 2022. Ina so in ji ta bakinku, ko akwai wanda yake ganin wannan wasa ne tsakanin ɓangarori biyu masu dama iri ɗaya.

Bashir:
Wa alaikumus salam, Baba Malam. Da dukkan girmamawa, ina ganin an ɗora wa dokoki laifin da ba nasu kaɗai ba ne. A ranar 12 ga Maris 2006, a filin Wandaras na Johannesbag, Ostireliya ta ci 434, Afirka ta Kudu kuma ta bi ta ta ci 438. A lokacin ƙwallo ɗaya ake amfani da ita, babu bugun kyauta, kuma ana barin mutum biyar a bayan da'ira, amma duk da haka Mick Lewis ya bayar da maki 113 a oba 10. A cikin shekarar dai Siri Lanka ta ci 443 a kan Holan. Idan dokokin 2011 da 2012 ne suka haifar da wannan ambaliya, me za mu ce game da waɗannan wasanni?

Abin da ya sauya a gaskiya shi ne tunanin masu bugu da ƙwarewarsu. A wasan farko na gasar duniya ta 1975, Sunil Gavaskar ya fuskanci jifa 174 ya ci maki 36 kacal bai fita ba, alhali Ingila ta ajiye musu 334 a oba 60. Ba doka ce ta hana shi bugu ba, mutanen wancan zamani ba su gama gane irin wasan ba ne. A 1996 Sanath Jayasuriya da Romesh Kaluwitharana suka nuna wa duniya yadda ake cin moriyar oba 15 na farko. Da wasan oba 20 ya zo, sai masu bugu suka koyi tura ƙwallo ta bayan mai tsaron turaku (itatuwa ukun da mai bugu ke karewa), da juya hannu su buga ta ɓangaren da babu kowa. Wanda ya ga AB de Villiers ya ci maki 100 a jifa 31 a kan Yammacin Indis a Janairun 2015 ya san cewa ko mutum bakwai aka jera a bakin iyaka ba za su tare shi ba. Masu bugu sun yi aiki a kan sana'arsu, kuma bai dace a rage musu lada ba.

Injiniya Kabiru:
Bashir, ƙanena, misalin Johannesbag da ka kawo gaskiya ne, amma ka tuna cewa birnin yana kan tudu mai tsayin fiye da mita 1,700, iskarsa ba ta da nauyi, ƙwallo tana tafiya nesa a can fiye da ko'ina, kuma dalilin da ya sa har yau ake ba da labarin wannan wasa shi ne ba a saba ganin irinsa ba a lokacin. Abin da Malam yake nufi shi ne abin mamaki na jiya ya zama ruwan dare.

Ni dai dokar ƙwallo biyu ce ta fi damuna, kuma bari in faɗi dalili. Sabuwar farar ƙwallo tana karkata a iska na ɗan lokaci kaɗan ne, daga nan sai ta miƙe. Idan ta tsufa, ɓangare ɗaya ya yi kaushi, ɗayan kuma 'yan wasa suka ci gaba da goge shi yana sheƙi, sai ta soma karkata zuwa ɓangaren mai sheƙi, kuma a makare, dab da isa ga mai bugu. Wannan fasaha ita ce gadon Sarfraz Nawaz da Imran Khan da Wasim Akram da Waqar Younis na Pakistan, kuma ita ce makamin mai jifan ƙarfi a obobin ƙarshe, domin jifan da ke nufar yatsun ƙafa yana kuma lanƙwasa a makare ba ya buguwa cikin sauƙi. Amma ƙwallo ba ta kai wannan matsayi sai ta sha wuya na oba 30 ko fiye. Da aka ce ƙwallo biyu, kowace ba ta wuce oba 25, ke nan an gama wasa kafin ta tsufa. Ƙari a kan haka, ƙwallo mai tauri ta fi saurin tashi daga jikin sanda, alhali a da mai bugu sai ya sa ƙarfinsa duka kafin ya kai ƙwallon da ta yi laushi bakin iyaka.

Hujjar hukuma a lokacin ita ce farar ƙwallo tana yin datti har mai bugu ya kasa ganinta da dare, shi ya sa ma daga 2007 ake canza ta bayan oba 34. To amma maganin da aka kawo ya fi cutar illa. Ba mai jifa ba ne ya fi fitowa fili ya soki dokar, Tendulkar ne da kansa, bayan 481 na Ingila a 2018, ya ce dokar ba ta barin ƙwallo ta tsufa balle ta karkata, kuma Waqar Younis ya goyi bayansa. Idan mutumin da ya fi kowa cin maki a tarihin wasan kwana ɗaya ya ce an zalunci masu jifa, ina ganin maganar ta wuce son rai.

Hajiya Asabe:
Sannunku da ƙoƙari. Ni abin da ban taɓa samun wanda ya gamsar da ni a kai ba shi ne yawan hukuncin da ake yi wa laifi ɗaya. Mai jifa ya tsallake layi da faɗin ɗan yatsa, sai a ba abokan hamayya maki ɗaya, a ce ya sake jifan, idan ya fitar da mai bugu a soke fitarwar, sannan a ƙara da bugun kyauta wanda ba a iya fitar da mai bugu a cikinsa ta hanyar cafewa ko karya turaku. Hukunci huɗu ke nan. Daga Yulin 2015 kuma aka faɗaɗa bugun kyautar ya shafi kowane haramtaccen jifa, daga 2020 kuma aka ba alƙalin talabijin aikin duba ƙafar mai jifa a kowane jifa, don haka babu sauran kuskuren da zai wuce ba a gani ba.

Ku tuna wasan Indiya da Pakistan a Melbon a Oktoban 2022. A obar ƙarshe Mohammad Nawaz ya yi jifan da aka ce ya wuce ƙugu, Virat Kohli ya buga shida, wato ƙwallo ta tsallake iyaka a sama, aka ba da bugun kyauta. A bugun kyautar Nawaz ya karya turakun Kohli, amma ƙwallon ta gangara baya, masu bugu suka ruga suka ƙara maki uku. Mutum ya yi abin da ake koyar da kowane mai jifa ya yi, ya doki turaku, kuma abin ya zama riba ga abokin gaba.

Sai mu juya ga ɗaya ɓangaren layin. Mai bugun da ke tsaye kusa da mai jifa yakan bar layinsa kafin a saki ƙwallo domin ya rage tazarar gudu, wanda shi ma cin iyaka ne. Amma tun daga 1947, lokacin da Vinoo Mankad ya fitar da Bill Brown ta wannan hanya a Ostireliya, mai jifan da ya hukunta wannan laifi shi ake zargi da rashin ladabi. An yi wa Ravichandran Ashwin ca a 2019 da ya fitar da Jos Buttler, an kuma yi wa Deepti Sharma haka a filin Lods a Satumbar 2022 da ta fitar da Charlie Dean. Sai a Oktoban 2022 ne kulob ɗin MCC, mai kula da dokokin wasan, ya cire wannan fitarwa daga babin rashin adalci ya mayar da ita babin fitarwa ta yau da kullum. Layi ɗaya ne, amma an shafe shekara 75 ana auna mutum biyu da ma'auni daban.

Bashir:
Hajiya, batun layin na yarda da shi ɗari bisa ɗari. Amma game da bugun kyauta, taka layi abu ne da ke hannun mai jifa kacokan, babu wanda ya tura shi. Jasprit Bumrah na Indiya ya fitar da Fakhar Zaman na Pakistan yana da maki 3 a wasan ƙarshe na kofin zakaru na 2017, aka ga ya taka layi, Fakhar ya ci gaba ya ci 114, Pakistan ta yi nasara da tazarar maki 180. Ba bugun kyauta ne ya jawo wannan asara ba, tsohuwar doka ce da ta girmi kakanninmu. Abin da bugun kyauta ya yi shi ne ya tilasta wa masu jifa su gyara takunsu a wurin atisaye, kuma wannan alheri ne gare su.

Hajiya Asabe:
Bashir, idan tsohuwar dokar ta isa ta sa ƙungiya ta rasa kofi, kamar yadda misalinka ya nuna, to ai hujja ce cewa ba a buƙatar ƙarin hukunci a kanta.

Alhaji Tanko:
Malam Sada, Allah ya ƙara girma. Jerin da ka kawo daidai ne, amma ka tsallake dokokin da suka tafi ɗaya hanyar, kuma adalci ya sa a ambace su. A Oktoban 2012 ɗin da aka rage masu tsaro, a lokacin ne aka ƙyale mai jifa ya yi jifa biyu masu tashi zuwa kai a kowace oba maimakon ɗaya. A Yulin 2015 aka soke fawafile na masu bugu, aka dawo da mutum biyar bayan da'ira a oba 10 na ƙarshe, bayan an ga abin da ya faru a gasar duniya ta wannan shekara, inda Chris Gayle ya ci 215, Martin Guptill ya ci 237, Jason Holder kuma ya bayar da 104 a oba 10 a hannun Afirka ta Kudu. A Oktoban 2017 aka ƙayyade kaurin sanda, gefenta kada ya wuce milimita 40, zurfinta kada ya wuce 67. Daga 2022, idan aka cafe mai bugu, sabon shigowa ne zai fuskanci jifa na gaba ko da masu bugun sun riga sun gitta juna. Sannan tsarin sake duba hukunci ta na'ura ya amfani masu murza ƙwallo, wato masu jifa a hankali da ke sa ta juya idan ta taɓa ƙasa, ƙwarai, domin a da alƙalai ba sa fitar da mai bugun da ya miƙa ƙafa gaba ya tare ƙwallo, yanzu kuwa na'ura tana nuna cewa da ta doki turaku.

A nawa ganin, abin da ya fi kowace doka tasiri shi ne dandamalin da ake jifa a kai da kuma inda aka shimfiɗa igiyar iyaka. Dokar ICC ta ce iyaka kada ta gaza yadi 65 kada kuma ta wuce 90, amma masu fili sukan jawo igiyar ciki domin allunan talla da tsaron lafiyar 'yan wasa, su kuma daddaɓe dandamali ya zama sumul. A duba gasar duniya ta oba 20 ta 2024. Da waɗannan dokoki da muke kuka da su, a Niyu Yok Indiya ta ci 119 kacal kuma ta kare su, Pakistan ta tsaya a 113. Bumrah ya gama gasar da fitar da mutum 15, yana bayar da maki kaɗan sama da huɗu a kowace oba, aka zaɓe shi gwarzon gasa. A wasan ƙarshe a Barbados, Afirka ta Kudu tana neman maki 30 a jifa 30, masu jifa suka hana ta. A 2023 Mohammed Siraj ya fitar da mutum shida a wasan ƙarshe na kofin Asiya, Siri Lanka ta ƙare a maki 50, kuma sabuwar ƙwallo ce ta yi masa aiki. Ke nan dokar ƙwallo biyu ba ta cutar da kowa ba, ta taimaki mai jifan farko ta cutar da na ƙarshe.

Malam Sada:
Alhaji, na gode, kuma jimlarka ta ƙarshe ita ce zuciyar maganata. Ba yawan maki ne yake ba ni haushi ba, rasa iri-iri ne. A da, wasan oba 50 yana da matakai uku, kowane da gwanayensa: masu sabuwar ƙwallo, sai masu murzawa da masu jifa da matsakaicin ƙarfi da ke matse wasa, sai masu tsohuwar ƙwallo a ƙarshe. Dokokin 2011 da 2012 sun rushe mataki na biyu da na uku. Da mutum huɗu kawai a bayan da'ira, dole kyaftin ya bar wani ɓangare a buɗe, kuma mai bugu ya san wanne ne kafin a yi jifa. Mai murzawa da yatsa, wanda aikinsa haƙuri ne da hana maki, ya rasa mafaka. Mun gani da idonmu yadda Indiya ta ajiye Ashwin da Ravindra Jadeja bayan kofin zakaru na 2017 ta ɗauko Kuldeep Yadav da Yuzvendra Chahal masu murzawa da wuyan hannu. Ɗan wasan da ke bugu kuma yana taimakawa da oba huɗu ko biyar, irin su Tendulkar da Sehwag da Yuvraj Singh, shi ma ya ɓace, domin babu kyaftin da zai miƙa wa ɗan taimako ƙwallo mai tauri da fili a buɗe.

Game da su Bumrah kuwa, ba a auna adalcin doka da gwanin da ya fi kowa a zamaninsa. A auna ta da mai jifa na huɗu da na biyar a ƙungiya. Adam Zampa yana cikin mafiya ƙwarewa a duniya, amma ya bayar da 113 a Senturiyon a Satumbar 2023, ranar da Heinrich Klaasen ya ci 174 a jifa 83. Bas de Leede na Holan ya bayar da 115 a gasar duniya wata guda bayan haka.

Nura:
Iyayena da yayyena, ku ba ni dama in sa baki da batun gasar IPL ta Indiya, domin can ne ake gwada abin da sauran duniya ke kwaikwaya. A 2023 aka kawo dokar ɗan canji mai tasiri, wadda ta ba ƙungiya damar musanya ɗan wasa ɗaya a tsakiyar wasa, ma'ana ta yi bugu da ƙarin gwani ɗaya, ta kuma yi jifa da ƙarin gwani ɗaya. A takarda kamar an raba daidai, amma a fili ba haka ba ne, domin obobin jifa 20 ne ko da masu jifa nawa kake da su, alhali ƙarin mai bugu yana cire wa na gaba tsoron fita. Wanda ya san akwai gwanaye bakwai a bayansa ba shi da dalilin yin taka-tsantsan. A 2024 Sunrisers Hyderabad ta ci 277 a kan Mumbai Indians, bayan 'yan makonni ta ci 287 a Bangalo, Punjab Kings kuma ta bi 262 a Kolkata ta cim musu. Rohit Sharma, wanda mai bugu ne, ya fito ya ce ba ya son dokar domin tana hana 'yan wasa masu iya bugu da jifa samun ci gaba.

Abin lura shi ne ita kanta gasar ta soma ja da baya. A 2024 ta ƙyale jifa biyu masu tashi zuwa kai a oba ɗaya, a 2025 ta ɗage hanin shafa yawu, ta kuma ba da damar canza ƙwallo a rabi na biyu na wasan dare saboda raɓa. Masu kuɗin da ake cewa su suka fi son bugun shida su ne suka fara jin cewa abin ya yi yawa, domin shida ta goma sha biyar a dare ɗaya ba ta tayar da kowa daga kujera.

Injiniya Kabiru:
Nura ya taɓo batun yawu, kuma ina ganin ICC ba ta da sauran hujjar riƙe hanin. An kawo shi ne saboda annoba, annoba ta wuce. Masu goyon bayansa suna cewa ya toshe hanyar masu tsotsar alewa su shafa wa ƙwallo yawu mai sukari, kuma gaskiya ne an sha rigima a kan haka. Amma abin kunyar Kef Tawun na Maris 2018, inda Cameron Bancroft na Ostireliya ya goga wa ƙwallo takardar yashi har aka dakatar da Steve Smith da David Warner na shekara guda, ya nuna cewa mai niyyar maguɗi ba yawu yake buƙata ba. Gumi da aka bari ba ya aikin yawu, musamman a ƙasashe masu zafi inda yake jiƙa ƙwallo ya hana ɓangaren kaushi bushewa.

Sabuwar dokar 2025 kuma rabin gyara ce. Ana amfani da ƙwallo biyu har oba 34, daga nan masu jifa su zaɓi ɗaya su ƙarasa da ita. A lissafi, wadda aka zaɓa ta yi oba 17, za ta ƙara 16, ta gama tana da 33. Za ta yi laushi, wannan kam ci gaba ne, amma sai a obobi na ƙarshe-ƙarshe za ta kai shekarun karkata, kuma ba tare da yawu ba.

Hajiya Asabe:
Akwai wata doka da ba mu ambata ba, wadda ni nake goyon baya duk da cewa masu jifa take hukuntawa. Daga Janairun 2022, ƙungiyar da ta makara wajen gama obobinta a wasan oba 20 tana rasa mutum ɗaya daga bayan da'ira, daga Yunin 2024 kuma agogon daƙiƙa 60 tsakanin oba da oba ya zama na dindindin, wanda ya saɓa sau uku a ba abokan hamayya maki biyar. Ɓata lokaci cuta ce ga mai kallo. Sai dai ina so a riƙa lissafa lokacin da masu bugu ke ci wajen canza safar hannu da kiran ruwa, da wanda ake ci wajen neman ƙwallon da aka buga cikin 'yan kallo.

Sannan kada mu ɗauki kowane babban maki a matsayin shaidar doka. Tun da aka ba dukkan ƙasashe mambobi matsayin wasan duniya na oba 20 a 2019, tazarar ƙarfi ce take haifar da wasu alƙaluman. Zimbabwe ta ci 344 a kan Gambiya a Nairobi a Oktoban 2024. Wata guda bayan haka, Najeriya ta ci 271 a kan Kodebuwa, sannan masu jifanmu suka fitar da su duka a maki 7. Doka ɗaya, dandamali ɗaya, rana ɗaya.

Malam Sada:
Hajiya ta yi gaskiya, shi ya sa nake taƙaita maganata ga wasannin manyan ƙasashe. Tunda mun yi ta kuka, bari in kawo shawara ɗaya a auna ta. A sassauta ƙa'idar oba 10, a bar mutum biyu su yi oba 12 kowanne a wasan oba 50. Marigayi Shane Warne ya taɓa ba da irin wannan shawara ga wasan oba 20, cewa a bar mai jifa ya yi oba biyar. Ba a taɓa cewa Kohli ya sauka idan ya fuskanci jifa 60 ba, ban ga dalilin da za a karɓe ƙwallo daga hannun Mitchell Starc ko Rashid Khan a lokacin da wasa ya fi buƙatarsu ba. Abin ya yi kama da a shiga kokawa a ce wa ɗaya ya huta da zarar ya fara rinjaye.

Bashir:
Baba Malam, a nan ina tsoron shawarar za ta haifar da akasin abin da kake so. Idan mutum biyu za su yi oba 24, biyu kuma 20, saura oba 6 kawai, wanda kowane ɗan taimako zai iya cikewa. Ƙungiyoyi za su ajiye mai jifa na biyar su ɗauki ƙarin mai bugu, sai mu koma daidai matsalar da Nura ya bayyana game da ɗan canji, wato layin bugu mai tsawo da rashin tsoron fita. Ƙa'idar oba 10 ce take tilasta wa kowace ƙungiya ta ɗauki masu jifa biyar, kuma ita ce ta ba irin su Ben Stokes da Shakib Al Hasan daraja. Idan za a yi gyara, ni na fi son a dawo da mutum na biyar bayan da'ira tun daga oba 11, a kuma tilasta wa masu fili su kai igiya iyakar inda filin ya ba da dama.

Alhaji Tanko:
Ni ma ina tare da Bashir a kan oba 12, ina kuma tare da Malam a kan mutum na biyar, wanda na ga shi ma Bashir ya sauko ya amince da shi. Sai dai batun igiya yana da wuyar tilastawa, domin filaye irin su Idin Fak na Okland a Niyu Zilan an gina su ne don wasan rugbi, iyakarsu ta gaba gajeriya ce kuma babu inda za a ja ta. Gasar duniya ta oba 50 mai zuwa za a yi ta ne a 2027 a Afirka ta Kudu da Zimbabwe da Namibiya, kuma filayen Johannesbag da Senturiyon suna cikin waɗanda ƙwallo ta fi tafiya nesa a cikinsu. Injiniya, ina so ka riƙa lura mana da wasannin da ake yi ƙarƙashin sabuwar dokar kafin lokacin, musamman daga oba 40 zuwa 50, mu ga ko kyaftin-kyaftin suna zaɓar ƙwallon da ta fi kaushi domin karkata ko wadda ta fi laushi domin hana bugu, kuma ko masu murzawa sun fara samun oba a wannan mataki.

Injiniya Kabiru:
To Alhaji, zan riƙa dubawa. Hasashena shi ne a busassun filayen Asiya za su zaɓi mai kaushi, a Ingila da Niyu Zilan kuma, inda ciyawa ke hana ƙwallo goguwa, za su zaɓi mai laushi.